Darasin Fiƙihu: A Tambayi Marar Lafiya Tun Bakinsa Yana Magana

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Darasinmu na wannan fitowa yana da ɗan nauyi a baki. Don haka muna roƙon kowane ɗalibi da ɗaliba, idan kun karanta, ku kai gida a karanta wa iyaye da kakanni, a zaure da cikin gida. Wanda boko ya yi masa wuya, darasin yana nan da ajami a ɗaya ɓangaren mujallar.

A aji mun sha karanta babin jana'iza. Yaro ɗan aji uku zai jero maka yadda ake wanka, da sa likkafani, da kabbara huɗu. Amma akwai wani zango kafin wannan da ba mu cika tsayawa a kansa ba, wato makonni ko watannin da mutum yake yi a kwance, ciwo ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, kullum jiki baya yake yi. A cikin wannan zango ake yanke manyan shawarwari, kuma galibi wanda abin ya shafa shi ne ba a tambaya.

ABIN DA YAKAN FARU

Ka ɗauka wani dattijo ne a nan cikin birni, a Kwarbai ko Unguwar Juma, ƙodarsa ta gaza. An fara kai shi asibitin Gambo Sawaba na Ƙofar Gayan, daga can aka tura shi asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Ana yi masa wankin ƙoda sau biyu a mako, wani makon sau ɗaya idan kuɗi ya yanke. Cikin wata shida an kwantar da shi sau uku. Ran nan da dare sai hankalinsa ya gushe. Likita ya fito ya ce, "Wane ne babba a cikinku? Akwai shawarar da za a yanke."

To, nan ake yin ta. Babban ɗa yana Abuja, ta waya yake cewa a yi duk abin da za a yi, ko nawa ne. Ƙanin dattijon ya ce a sayar da gonar bayan ganuwa. Uwargida kuwa, wadda ita ke jinyarsa dare da rana, ta sha jin yana cewa ya gaji, shi dai a mai da shi ɗakinsa, amma kunya da tsoron kada a ce jinyar ce ta ishe ta sun hana ta buɗe baki. Duk cikinsu babu maƙiyinsa, kowa kintace yake yi. Alhali mutumin nan wata shida ya yi da hankalinsa garau, yana sallarsa, yana amsa gaisuwa, har yana tambayar kuɗin masara a kasuwa, ba a sami wanda ya tsuguna gabansa ya ce, "Baba, idan abin ya yi tsanani, yaya kake so a yi?"

Bayan rasuwa kuma sai wani ya zo da maganar bashi babu takarda, wata ta ce ai ya ba ta filin nan tun yana raye. Kafin a yi arba'in ka ga 'yan uwa ɗaya uba ɗaya a gaban alƙali.

"AI MUGUN FATA NE"

Na san abin da wasunku za su ce. Za a ce tayar da wannan magana mugun fata ne, baki shi ke yanka wuya, kuma cuta ba mutuwa ba ce. Gaskiya ne cuta ba mutuwa ba ce. Wa ya san gawar fari? Sau nawa mai jinya ya riga wanda yake jinya tafiya? To amma ai wannan hujja ce a kan kowa ya shirya, mai lafiya da marar lafiya.

Ku duba labarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (R.A.). Ya yi ciwo mai tsanani a Makka shekarar Hajjin Bankwana, har ya fid da rai. Manzon Allah (S.A.W.) ya je duba shi, sai Sa'adu ya kawo maganar dukiyarsa, domin a lokacin 'ya ɗaya tak gare shi. Annabi bai ce masa ya yi shiru ya daina kiran mutuwa ba. Ya saurare shi, ya hana shi bayar da kashi biyu cikin uku, ya hana shi rabi, ya yarje masa sulusi, ya nuna masa cewa barin magada da wadata ya fi barinsu suna roƙo. Me ya faru daga baya? Sa'adu ya warke, ya jagoranci yaƙin Ƙadisiyya, ya haifi 'ya'ya da yawa, ya ƙara fiye da shekara arba'in a duniya. Ashe ke nan wasiyya ba ta jawo ajali.

Kazalika a cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim akwai hadisin Abdullahi ɗan Umar (R.A.) wanda yake nuna cewa bai kamata Musulmin da ke da abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da tana rubuce a wurinsa ba. Shi ɗan Umar tun ranar da ya ji wannan bai sake kwana babu wasiyyarsa ba, kuma yana saurayi mai lafiya a lokacin.

YADDA MAGABATA SUKA YI

Mu a nan idan aka ce wasiyya, tunaninmu dukiya kawai. Amma ku lura da jinyar ƙarshe ta Manzon Allah (S.A.W.) a shekara ta 11 bayan Hijira. Shi da kansa ya zaɓi inda za a yi jinyarsa: ya nemi izinin matansa a bar shi a ɗakin Nana A'isha (R.A.), suka yarda. Shi ya faɗi wanda zai ja salla, wato Sayyidina Abubakar. 'Yan dinarin da suka rage a gidan ya sa aka sadakar.

Akwai kuma wani abu da ya faru a wannan jinya wanda ya kamata duk mai jinya ya sani. An ɗura masa magani ta gefen baki, yana yi musu ishara da kada su yi. Suka ɗauka ƙin magani ne irin na kowane marar lafiya, suka ci gaba. Da ya farfaɗo sai ya nuna rashin jin daɗinsa, ya ce duk wanda ke ɗakin a ɗura masa irin wannan magani, ban da baffansa Abbas wanda ba ya nan. Mutanen nan saboda ƙauna suka yi, amma ƙaunar ba ta ba su ikon tsallake maganarsa ba. Ku riƙe wannan, ya ku masu matse hancin tsoho don ya haɗiye jiƙo.

Sai Sayyidina Umar (R.A.), da aka soke shi yana limancin Asuba a shekara ta 23 bayan Hijira. An ba shi abin sha ya fito ta wurin raunin, sai kowa ya gane babu tashi. Ba a ɓoye masa ba, shi ma bai ɓata lokaci ba. Ya kira ɗansa Abdullahi ya ce a lissafa bashin da ke kansa, aka samu kimanin dubu 86, ya faɗi inda za a nemo a biya. Ya aika wurin Nana A'isha neman izinin a binne shi kusa da abokansa biyu. Da ta yarda, ya ce idan ya cika a sake tambayarta, don kada ya zama nauyinsa ta ji. Sannan ya ambaci mutum shida da za su zaɓi halifa a tsakaninsu. Duk wannan cikin 'yan kwanaki, da rauni a ciki.

YAUSHE ZA A YI MAGANAR?

Tun da wuri. Amma akwai alamun da idan an gan su bai kamata a ƙara jinkiri ba. Idan ana ta kwantar da mutum a asibiti a kan ciwo ɗaya, kowace sallama kuma ba ya komawa yadda yake da. Idan ya rame ƙwarai, abinci ya fita ransa, barci ya yi yawa. Idan wanda yake zuwa masallaci da sanda ya koma salla a zaune, daga nan ya koma a kwance. Ana ganin haka ga masu ciwon daji da ya bazu, da ciwon ƙoda ko hanta ko zuciya da ya yi nisa, da wanda ɓarin jikinsa ya shanye sau biyu ko uku. Wanda ya fi kowa buƙatar gaggawa shi ne tsohon da mantuwa ta fara kamawa, domin shi hankalin ne zai riga jikin tafiya.

A nan sai na ja kunne. Ba kai ko ni ne za mu dubi mutum mu ce wannan ciwon ajali ne ba. Tarin fuka yana ramar da mutum kamar ba zai tashi ba, amma yana warkewa da maganin wata shida, kuma kyauta ake bayarwa. Hawan jini da ciwon suga ana rayuwa da su shekara da shekaru. Barin irin waɗannan babu magani sakaci ne, kada a fake da tawakkali. Likitan da ya san ciwon shi za a tambaya, a ce masa, "Likita, don Allah gaya mana gaskiya. Wannan magani warkarwa zai yi, ko sauƙi kawai zai kawo? Nawa zai ci, har tsawon wane lokaci? Idan ba a yi ba me zai faru?"

Wannan tambaya haƙƙinku ce. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ɗora wa ma'aikacin lafiya ya bayyana wa marar lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin magani, da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, da 'yancinsa na ƙin karɓa, cikin harshen da yake ji. Tun a 2001 ma Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta tabbatar da cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin maganin da bai yarda da shi ba. Idan likita yana sauri, ku nemi ya sa muku lokaci. Idan Turanci ya yi yawa, ku ce a faɗa da Hausa.

Wani kuma ba ya son a gaya masa komai, ya fi son a gaya wa ɗansa. Wannan ma zaɓinsa ne, sai a tambaye shi, "Kana so likita ya yi maka bayani kai tsaye, ko ya yi wa wane?" Abin da ba shi da kyau shi ne gida duka su sani, maƙwabta su sani, shi kaɗai ake ce wa shawara ce ko basir. Ta yaya zai biya bashi ya nemi gafarar mutane?

MAGANAR MAGANI DA INJUNA

Iyaye sukan tambaya, shin idan an daina wani magani ba a yi kisan kai ba? Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1992 ta yi bayani cewa hukuncin neman magani yana sauyawa. Yana zama wajibi idan barinsa zai halaka mutum ko ya nakasa shi, ko ciwon mai yaɗuwa ne. Wani lokaci mustahabbi ne, wani lokaci halal kawai, wani lokaci ma makaruhi idan wahalar da zai jawo ta fi ciwon. Ta kuma ce sai da izinin marar lafiya idan yana da cikakken hankali, in ba haka ba sai na waliyyinsa.

Abubuwa biyu ne likitoci suka fi tambaya a kansu idan rai ya yi halinsa. Na farko tayar da zuciya idan ta tsaya, wato a riƙa danna ƙirji da ƙarfi, wani lokaci a haɗa da wutar lantarki. Ga mutum mai ƙarfi wanda abu ya same shi farat ɗaya, wannan yana ceton rai da izinin Allah. Ga tsohon da ciwon daji ya cinye kuwa, da wuya ya yi amfani, kuma yakan karya haƙarƙari. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ya ba da fatawa a 1409 Hijira cewa idan ƙwararrun likitoci amintattu uku suka tabbatar ciwon ba ya jin magani kuma tayarwar ba za ta yi amfani ba, babu laifi a bari. Na biyu injin numfashi. Majalisar Fiƙihun da muka ambata, a zamanta na Amman a 1986, da majalisar Rabiɗa a Makka a 1987, duk sun halatta cire injin ga wanda likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta mutu gaba ɗaya, ko da yake ta Makka ta ce ba za a yi masa hukuncin mamaci ba sai zuciya da numfashi sun tsaya.

Amma a yi wa mutum allura ko a ba shi wani abu da nufin ya mutu ya huta, wannan haramun ne, ko da shi ya roƙa, kuma laifi ne a dokar ƙasa. Haka nan ba a daina kula da mutum don an daina neman warkewa. Akwai fannin likitanci guda na rage raɗaɗi da sauƙaƙa wa wanda ciwonsa ba ya warkewa. Wata likita a Ingila, Cicely Saunders, ta buɗe gidan irin wannan jinya a Landan a 1967, aka fara a Uganda a 1993, Nijeriya ma ta fitar da tsarinta na ƙasa a 2021. Maganin da ake kira mofin, idan likita ya rubuta shi daidai gwargwado, yana kwantar da azabar ciwon daji har mutum ya sami sukunin salla da zikiri, kuma malamai sun halatta shi saboda lalura. Kada ku bar tsoho yana nishi dare da rana ku ce haƙuri. Ku gaya wa likita ciwon bai lafa ba.

Sai maganar wuri. Da yawa daga cikin tsofaffinmu sun fi son ɗakinsu, inda za su ji kiran sallar masallacin unguwa, jikoki suna shiga suna fita. Wasu kuma hankalinsu ya fi kwanciya kusa da likita. A tambaya. In gida ya zaɓa, kada a sulale da shi daga asibiti cikin fushi ko cikin dare. A zauna da likita a karɓi maganin raɗaɗi, a koyi yadda ake ba shi, a san wanda za a kira idan abu ya taso. Maganar kuɗi ma a sa shi a ciki. Gonar nan tasa ce. Wataƙila ya ce a sayar, haƙƙinsa ne. Wataƙila kuma ya ce a bar wa marayu.

WA ZAI YI MAGANA DA YAWUNSA?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wurina. Marar lafiya ya ambaci mutum ɗaya, a gaban iyali, ya ce, "Idan na kasa magana, wane shi za a ji." Ba dole ne ya zama wanda ya fi kuɗi ko wanda ya fi shekaru ba. A sami mai amana, wanda yake kusa, wanda zai iya tsayawa gaban likita da gaban dangi ya faɗi abin da marar lafiya yake so ko da shi ba haka ya so ba. A gaya wa likita sunansa ya rubuta a fayil. Wanda ke da ƙananan yara kuma ya naɗa wasiyyin da zai kula da su da dukiyarsu.

Iyaye mata su ma a tambaye su. Sau da yawa idan tsohuwa ce ke kwance, sai maza su gama shawara a zaure a shigo mata da hukunci. Tana da bakinta, tana da awakinta da sarƙarta da zubin adashenta, tana kuma da wadda take so ta yi mata wanka.

BASHI, AMANA DA SULUSI

Kun karanta cewa an taɓa kawo gawa Manzon Allah (S.A.W.) ya ƙi yi mata salla saboda bashi, har sai da Abu Ƙatada (R.A.) ya ɗauki nauyin biya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. A tsarin malamanmu na Malikiyya, idan mutum ya rasu ana fara fitar da haƙƙin da ya rataya a kan wani abu takamaimai, kamar jingina, sai kuɗin likkafani da binnewa, sai bashi, sai wasiyya, sannan a raba gado.

Don haka a rubuta wanda yake bi da wanda ake bi. Kada a manta da amana, domin garin nan namu garin amana ne. Mai ɗinkin babbar riga yana da rigunan mutane goma a ɗaki, wasu an biya rabi, wasu suna hannun yaran da ya raba wa aiki. Malami yana da littattafan aro. Uwar adashe ita kaɗai ta san wanda ya kwasa da wanda bai kwasa ba. Ga tumakin da aka ba da kiwo a ƙauye, ga gonar aro, ga takardar fili da aka ba wani ajiya, ga kuɗin da ke banki ko cikin waya wanda ba wanda ya san da su. Idan akwai zakka ko kaffarar da ba a fitar ba, ya faɗa, a tambayi malami yadda za a yi.

Wasiyyar dukiya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji, sai in sauran magada sun yarda bayan rasuwa. Alal misali, idan bayan an biya bashi abin da ya rage ya kai Naira miliyan 3, wasiyya ba za ta haura miliyan 1 ba. To wa ya fi dacewa da ita? Ku dubi jikokin da ubansu ya riga kakansu rasuwa. Muddin akwai baffanninsu maza a raye ba su da gado, ga shi a cikin gidan suka tashi. Ku dubi agola da ɗan riƙo, waɗanda wani lokaci su ne ke kwashe fo na tsohon. Sulusin nan ƙofa ce da shari'a ta bari a buɗe dominsu, amma sai mai dukiya ya yi magana.

Ga dalilin da ya sa muke ta cewa tun da wuri. A mazhabarmu, wanda ya shiga ciwon da ake tsoron mutuwa a cikinsa ba shi da ikon yin kyautar da ta wuce sulusi. Auren da ya ɗaura a wannan hali ɓatacce ne, matar da ya saka kuma tana cin gadonsa idan ya rasu a wannan ciwo. Wanda yake son ya ba wani gida ko gona kyauta, ya bayar yana da lafiya, ya damƙa, a shaida. Sannan takarda ita kaɗai ba ta isa ba. Malamanmu sun ce ko an tabbatar rubutun hannunsa ne, idan bai kafa shaidu ba kuma bai ce a zartar ba, ba a aiki da ita, domin wataƙila ya sake shawara. A kira adilai biyu su shaida, a sa kwanan wata. Duk ranar da ya so canzawa yana da iko.

YADDA ZA A ƁULLO WA MAGANAR

Mun san al'adarmu. Ɗa ba ya zama gaban mahaifinsa ya kawo zancen mutuwa, kuma kunyar nan abu ne mai kyau. Sai a bi ta hannun wanda yake jin nauyinsa: amininsa, ko yayansa, ko limamin unguwa. Ga uwa kuma a bi ta goggo ko malamar makarantar matan aure. Kada a tara masa jama'a, kada a zo lokacin da ciwo ya motsa. Bayan La'asar, an natsu, sai amini ya ce, "Malam, ni fa na rubuta tawa, na ba wane ajiya. Kai fa?" Wanda ya fara da kansa ba a zarginsa. Idan tsoho ya kau da kai, a ƙyale shi, a dawo wani jiƙon. Galibi ma su ne ke fara jefa maganar, su ce, "Ni kam bana ba na jin zan ga damina." Maimakon a yi caraf a ce, "Haba Baba, daina faɗar haka," sai a yi masa addu'ar tsawon rai, sannan a ce, "Akwai abin da kake so mu sani?"

Ku ɗalibai, ba ku za ku ja wannan magana ba, amma kuna da aiki. A gidaje da yawa ku ne masu rubutu. Idan Kaka ta ce ka ɗauko takarda, ka rubuta abin da ta faɗa daidai, da ajami ko da boko, wanda ita za ta iya bi. Ka karanta mata ta ji. Kada ka ƙara, kada ka rage, kada kuma ka kai zancen waje, amana ce.

KWANAKIN ƘARSHE

Salla ba ta faɗuwa muddin akwai hankali. Kun karanta a Ahalari: a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kwance da ishara, da taimama idan ruwa zai cutar. Ku ajiye masa dutsen taimama kusa, ku riƙa gaya masa lokaci ya yi.

Idan ƙarshe ya matso, jiki da kansa yake daina son abinci. Kada a ɗura kunu ga wanda ba ya iya haɗiya, domin yakan bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu. A jiƙa masa leɓe da tsumma mai tsabta. A riƙa juya shi kamar kowace awa biyu saboda gyambon kwanciya. A suturta shi, a rage 'yan dubiya idan sun yi yawa, a daina zancen gado ko kuɗin asibiti a kansa, domin sau da yawa yana ji ko da ba ya amsawa.

A cikin Risala an so a fuskantar da mai gargara alƙibla, a laƙƙana masa kalmar shahada. A faɗa a hankali kusa da kunnensa, ba tare da an matsa masa ba, idan ya faɗa a yi shiru. Game da karanta Yasin a kansa, mai Risala ya kawo cewa wasu malamai sun yi rangwame, amma a wurin Imamu Malik ba abu ne da ake aiki da shi ba. Kun san a gida ɗaya a garin nan akan sami masu ra'ayi biyu. Gefen shimfiɗar mai gargara ba wurin muƙabala ba ne. Shi ma wannan a tambaye shi tun yana iya amsawa, a yi masa yadda ya saba.

AIKIN GIDA

1. Kawo abubuwa uku da Sayyidina Umar (R.A.) ya tsara kafin rasuwarsa.
2. Mutum ya bar Naira 900,000, ana binsa 150,000, an kashe 30,000 wajen jana'iza. Nawa ne iyakar wasiyyarsa?
3. Wani ya rubuta wasiyya da hannunsa ya sa a ƙarƙashin matashi, ba wanda ya shaida. Mene ne hukuncinta?
4. Wannan na iyaye ne: a sami littafi guda a rubuta bashin gida, wanda ake bi da wanda ake binku, da kayan mutane da ke hannunku, a gaya wa mutum biyu inda aka ajiye.

A kawo amsar ta ɗaya zuwa ta uku ranar Asabar. Ta huɗu ba sai malam ya gani ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, Ya jiƙan magabatanmu. Sai fitowa ta gaba insha Allahu, za mu ɗauki babin takaba.